Bakwai Saura Kwata

Aikina a gidan rediyo yanka ne. Mutum ya shiga situdiyo ya yi maganarsa, ya yi tari, ya yi in'ina, ya maimaita abin da ya riga ya faɗa, ni kuma in zauna gaban kwamfuta in bi muryar ina cire duk abin da bai kamata kunne ya ji ba. Shekara goma sha shida ina wannan aiki, kuma ba yabon kai ba, hannuna ba ya rawa. Wanda ya laƙaba mini suna Almakashi shi ne mutumin da zan ba ku labarinsa. A duk waɗanda na taɓa yanke wa magana babu wanda na yanka da jin haushi kamarsa, babu kuma wanda abin ya dawo ya tsaya mini a rai kamar nasa.

Mu ma'aikata Baba muke ce masa. Mutanen gari kuwa da Saura Kwata suka san shi, har wasu ba su taɓa tunanin yana da wani suna ba. Shekara talatin da huɗu shi ke buɗe tasharmu da safe, kuma da kalmomi iri ɗaya yake buɗe ta. Jar fitilar situdiyo na kamawa sai ya dubi agogon hannunsa ya ce:

"Ƙarfe bakwai saura kwata. Wanda ya tashi, barka da tashi. Wanda bai tashi ba, muna jiransa."

Da wannan muryar direbobi ke tayar da mota, da ita iyaye ke korar yara su shiga wanka. Ni kaina da ita na yi makarantar firamare, ina kuma jin haushinta, don da zarar ta fito mahaifiyata ke janye mini bargo.

Asalinsa ba ɗan jarida ba ne. Mahaifinsa mai gyaran agogo ne, yana da ɗan teburi mai gilashi a bakin kasuwa, kuma a kan teburin nan Baba ya girma. Yana ɗan shekara ashirin da wani abu aka aiko shi gidan rediyo da sassafe ya duba agogon bangon situdiyo da ke ja da baya. Yana tsaye kan kujera da sukudireba a baki lokacin buɗe tasha ya yi, mai gabatarwa kuma ruwan sama ya tare shi a hanya. Injiniyan da ke bakin aiki ya rasa yadda zai yi, ya ce masa ya sauko ya faɗi lokaci kawai, kada iska ta tafi ba kowa. Ya sauko, ya dubi agogon da ya gama gyarawa, ya faɗa. Washegari aka aika a kira mai gyaran agogon nan, ba don agogo ba.

Halin gidansu bai sake shi ba har tsufa. Bai yarda da agogon kowa ba sai na mahaifinsa da ke ɗaure a hannunsa, kuma ya sha yi wa agogon kwamfutata gorin cewa ba shi da uban da ya yi masa tarbiyya. Ba ya shan ruwan sanyi ko da zafi zai kashe shi, kullum yana tafe da filas ɗin ruwan ɗumi a hammata. In zai shiga situdiyo sai ya cire takalmi a ƙofa, wai suna ƙara, makirfo kuma munafuki ne, ba abin da yake rufa wa asiri. In ya wuce ta teburina sai ya leƙo ya tambaye ni yau wa na yi wa aski.

Akwai abin da ban sani ba a lokacin, amma gara ku ku san shi tun yanzu. Jimlar ƙarshen nan, ta wanda bai tashi ba, ba don mutanen gari ya ƙirƙire ta ba. Matarsa, wadda muke kira Mama, tela ce, kuma a farkon aurensu nauyin barci gare ta. Yakan fita tana kwance, sai ya bar mata rediyo a kunne kusa da filo. Ranar da ya fara cewa "muna jiransa", ta buɗe ido ta ce wa akwatin, "Na tashi." Tun daga ranar ba ta fasa amsawa ba, da goyo, da ciki, da ƙafa a kan keken ɗinki. In ya dawo kuma ta zauna ta yi masa bitar shirin, ta ce yau ya haɗiye rabin kwata, ko ta ce daga jin muryarsa wani ya ɓata masa rai a ofis.

Shekara uku kafin abin da zan faɗa, Mama ta fara mantuwa. Da farko zare da allura ne, sai tukunya a kan wuta, sai sunayen 'ya'yanta. A ƙarshe ta manta fuskar mijinta. Ya shigo gidansa da ledar magani a hannu, ta gyara zama ta ce masa maigidan ya fita aiki, sai dai ya jira. Shi kuma ya ce ba komai, zai jira, ya nemi kujera a falonsa ya zauna. Abu ɗaya ne ciwon bai taɓa ba. Bakwai saura kwata na yi, muryar na fitowa daga rediyo, sai ta amsa, hankalinta ya kwanta cewa maigida ya isa wurin aiki lafiya. Sai a lokacin take karɓar magani da abinci daga hannun Auta, 'yarsu ta ƙarshe da ta dawo gida don jinyarta. In ba ta ji shi ba, ko ruwa sai an yi da gaske.

Sauyin da ya zo mana a tasha bai zo da hayaniya ba. Masu kiran waya ne suka fara raguwa. A da layi biyu ba sa isa, sai ga shi Baba ya ce layi a buɗe yake, ya jira, ya sake faɗa, ba kowa sai wani tsohon direba da ke kira kullum ya gaida mutanen da rabinsu sun rasu. Ba zan ɗora wa kowa laifi ba, don ni ma a mota ba tasharmu nake kamawa ba, wayata nake haɗawa in ji abin da raina ke so. 'Ya'yana kuwa in ka ba su rediyo ka ce su nemo tasha, sai su yi ta shafa gilashinsa da yatsa.

Manaja ya tara mu wata Litinin. Ba mugun mutum ba ne, shi ma neman yadda gidan zai rayu yake yi. Ya ce daga farkon wata kwamfuta ce za ta riƙa sakin kiɗa da sanarwa da safe ita kaɗai, ba mai buɗe situdiyo sai ƙarfe tara. Shirin Baba kuma ba kashe shi aka yi ba, a cewarsa ma ɗaukaka ce ta zo masa, domin zai koma fodkas: a naɗi shirin sau uku a mako, a tace shi, a ɗora a intanet, kowa ya saurara a wayarsa lokacin da ya ga dama. Sharaɗi ɗaya ne. Kada a faɗi lokaci, kada a ce barka da safiya, kada ma a ce yau, tunda mai sauraro yana iya buɗe shirin da yamma ko bayan shekara biyu.

Baba ya ɗaga hannu kamar ɗan aji uku.

"Ranka ya daɗe, to wa zai faɗa wa mutane lokaci?"

Aka yi dariya, wani ma ya ɗaga wayarsa sama yana nuna masa agogon da ke fuskarta. Ni ma na yi dariyar, kuma tawa ta fi ta kowa ƙarfi.

Bayan taro ya bi Manaja ofis ya roƙi minti biyu kacal kai tsaye, shi zai buɗe, shi zai rufe. Manaja ya nuna masa ba zai yiwu a taso injiniya da asuba saboda minti biyu ba, amma ya kawo shawara mai kyau: a naɗi jimlar sau ɗaya, kwamfuta ta riƙa sakinta kullum a kan lokaci. Baba ya ƙi. Ya ce shi a iya saninsa mutum ba ya faɗin lokacin da bai gani da idonsa a fuskar agogo ba, lokacin da aka naɗa jiya ƙarya ce ko da ya zo daidai. Da Manaja ya tambaye shi me ya sa minti biyun suka dame shi haka, sai ya ce sabo ne kawai. Ba mutumin da zai shimfiɗa lalurar matarsa a teburin ofis ba ne.

Haka ni da shi muka faɗa hannun juna. Ƙarfe goma da rabi yake zuwa naɗin shiri, ya cire takalmi, ya ajiye filas, ya zauna. Ina ɗaga masa yatsa, jar fitila na kamawa, sai bakinsa ya riga shi: ƙarfe bakwai saura kwata, har zuwa muna jiransa. Sai ya yi turus, ya dafe goshi, ya ce in yanke. Ranar farko na yi dariya. Mako na biyu na rubuta masa a takarda da manyan baƙaƙe na manna a jikin makirfo. Bai hana ba. Bakin da ya yi shekara talatin da huɗu yana buɗewa da abu ɗaya bai san wata ƙofar ba. In yanke jimlar, in jefa ta wata ma'ajiya a kwamfuta da na sa wa suna Shara, sannan mu shiga shirin.

Kuma shirin ya karɓu, wannan ma ya kamata in faɗa. Yana ba da labarin yadda garin yake a da, da masu sana'o'in da suka ɓace, matasa suna ta rubuto masa yabo daga wuraren da tasharmu ba ta taɓa kaiwa ba. In na karanta masa sai ya ce madalla, sannan ya tambaye ni ko su waɗannan mutanen a tare suke ji. In ce a'a, kowa da lokacinsa. Sai ya girgiza kai ya ce shi ya saba in ya yi magana gari ɗaya na jinsa a numfashi ɗaya, yanzu kuwa ji yake kamar yana zura wasiƙa ta ƙarƙashin ƙofa.

A wata na biyar haƙurina ya ƙare. Ranar aiki ya yi mini yawa, kwamfuta ta cika tana ta tsayawa, ga shi ya sake yi. Na danna maɓallin magana na ce masa, a gaban baƙin da suka zo ganin situdiyo:

"Baba, ƙarfe sha ɗaya saura ake ciki. Ko da ana son lokacin ma, ƙarya ka faɗa."

Ya dubi agogon mahaifinsa ya daɗe yana kallo. Bai tsokane ni ba, bai kira ni Almakashi ba, ya ce in yi haƙuri. Da ya tafi na buɗe Shara, na ga jimlar nan sau sittin da wani abu a jere, na share su duka don in samu wuri. Har wani sanyi na ji a raina.

A 'yan kwanakin ne muryarsa ta fara dushewa. Ya ce mura ce. Ta ƙi tafiya, likita ya ce a yi gwaje-gwaje, ya kuma rage zirga-zirga. Manaja ya ba ni ƙaramin rikoda in kai masa ya riƙa naɗa a gida. Gidansu yana can ƙarshen gari, ni kuma ina da yaran da zan kai makaranta, don haka na yi sammako na isa wajen shida da rabi da 'yan mintuna. Auta ta buɗe mini ƙofa da yatsa a leɓe, ta ja ni ta wani siririn lungu zuwa bakin ɗakin ajiya.

Yana ciki, tsakanin buhun shinkafa da tsohon keken ɗinkin Mama, zaune kan bokitin da aka kife. Kayansa a goge, hula a kai, takalmansa a ajiye a bakin ƙofa. Ga filas a gefe, ga ɗan makirfo a hannu, wayarsa ta bi ta wani rami a bango ta shiga ɗakin da ke kusa. Idonsa na kan agogo, bai ma san na zo ba.

A nan tsaye Auta ta raɗa mini abin da ya faru tun wata biyar da suka wuce. Ranar da aka daina shirin safe Mama ta zauna gaban rediyo tana murɗawa, ba komai sai kiɗa. Ta ce wani abu ya sami maigidan a hanya, ta nemi fita nemansa, ta yi kwana uku ba ta ci abin kirki ba. Baba ya tsaya a gabanta ya faɗi jimlar da bakinsa, ta ce wa baƙon ya ji tsoron Allah ya daina kwaikwayon mijinta. Auta ta kunna mata fodkas a waya, ta saurara tsaf, ta ce muryarsa ce amma ba da ita yake ba. To ina zai kasance da ita, tunda wurin da yake nata ni na cire shi da hannuna? Shi ne Baba, ɗan mai gyaran agogo, ya kwance bayan rediyon, ya haɗa waya, ya huda bango.

Lokaci ya yi. Ya gyara zama, ya faɗa, da dusasshiyar muryar nan. Daga ɗaya ɗakin na ji wata siririyar murya ta ce, "Na tashi." Auta ta bar ni ta tafi da sauri, can na fara jin ƙarar cokali a kan faranti. Shi kuma ya ci gaba har minti goma. Ya faɗi yadda ya ga sama ta 'yar tagar ɗakin, ya gaida teloli da masu jinya, ya yi sallama da masu sauraro kamar yadda ya saba. Sai da ya kashe makirfon ya juyo ya gan ni.

"Almakashi," ya ce, "wannan dai ba ki da abin yanka a ciki."

Kunya da baƙin ciki suka taru suka rufe ni. Na roƙe shi ya bari mu naɗi jimlar da yawa mu ajiye, saboda ranar da zai kwana asibiti ko wani uzuri ya taso. Na zaci zai kawo mini zancen ƙarya da gaskiyar lokaci. Bai kawo ba. Ya murza murfin filas, sannan ya ce:

"Za mu yi. Amma bari muryar ta washe tukuna. Ba na so ta riƙa jina a haka kullum, hankalinta zai tashi."

Na ce to, da sauri, don so nake in bar gidan in samu inda zan yi kuka. Rikodan yana cikin jakata a lokacin, da batir cike.

Muryar ba ta washe ba. Da rikodan da na bar wa Auta ya naɗo mana shiri tara a gida cikin mako uku, Auta na aiko mini, kowanne kuma da jimlar yake farawa, kowanne muryar ta fi ta baya shaƙewa. Ina yankewa ina jefawa Shara ba tare da na yi ƙorafi ba. Wata Talata ya yi shirinsa na ɗakin ajiya, da rana numfashi ya gagare shi, aka kai shi asibiti. Ranar Alhamis ya rasu. Mun sanar a labaran rana, Manaja da kansa ya karanta. Washegari bakwai saura kwata kwamfuta ta saki kiɗanta kamar kullum.

Mama ta ga gida cike da mutane ta tambayi wa ya rasu. Wata 'yar'uwa ta faɗa mata, ta yi kuka mai tsanani, bayan awa ɗaya ta manta ta sake tambaya. Auta ta hana a ƙara gaya mata. Ranar Lahadi ta kira ni, ta ce tun Laraba ba abin da ya shiga cikin Mama sai ruwa, maganin ma ta ƙi, kullum tana bakin rediyo.

"Anti, don Allah ko kuna da muryarsa a ajiye? Wurin lokacin kawai nake so."

Na ce mata wannan ai mai sauƙi ne, mutumin da ya yi shekara talatin da huɗu a gidan. Na tafi tasha a ranar na buɗe ɗakin adana shirye-shirye. Ashe shirin kai tsaye ba a ajiye shi. Kaset ɗin da can an yi ta naɗar wasu abubuwa a kansu, kwamfutar tasha kuma wata ɗaya take riƙewa ta goge. Safiya fiye da dubu goma, duk sun bi iska. Fodkas ɗinsa kuwa suna nan reras a intanet, tsaf, ba tari, ba kuskure, ba lokaci, aikin hannuna. Na buɗe Shara ina addu'ar ko na yi mantuwa ban share da kyau ba. Ban yi mantuwa ba, ni ai ba na aiki rabi da rabi. Sittin da wani abun nan na lokacin da muryarsa ke garau sun tafi. Guda tara suka rage, na muryar da ya ce ba ya so ta ji.

Na kai su da sassafen Litinin. Auta ta ba ni agogonsa, ta nuna mini inda zan haɗa waya, ta koma wurin Mama. Na tsaya a bakin ɗakin ajiyar, sai na ga na cire takalmina ban san na yi ba. Na zauna kan bokitin ina kallon doguwar allurar agogo. Tana hawa kan tara, bakwai saura kwata cif, na danna.

Muryar ta fita ta bango, a shaƙe, da ɗan numfashi kafin kwata wanda a da da tuni na cire shi. Ta kai muna jiransa ta tsaya. Shiru ya biyo baya, ya yi tsawo har na fara cewa a raina Mama ta gane naɗi ne. Can na ji ta.

"Na tashi."

Sai ƙarar cokali. Na ƙirga cokali bakwai kafin ta dakata. Na ji ta kira Auta da 'yar nan, don sunanta ya daɗe da ɓace mata.

"'Yar nan, kin ji muryar maigidan kuwa? Ya je ya sha ruwan sanyi. Tashi ki ɗora masa ruwa ki zuba a filas, yana sauka daga aiki zai dawo."

Auta ta fito ta wuce ni a lungu ba ta dube ni ba, hawaye har haɓa, ta shiga kicin ta kunna risho.

Wata bakwai ke nan. Auta na juya guda taran nan ɗaya bayan ɗaya, Mama na ci, tana shan magani. Ta ce mini wani lokaci Mama kan yi faɗa, wai wane irin mutum ne wannan da ba zai nemi hutu ya kula da kansa ba, mura ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Kullum sai ta ce a ɗora masa ruwa, kullum kuma Auta tana ɗorawa.